Ranar da Na Gudu da Jakar Magani

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun gushe mini, amma ba zan taɓa mantawa da hannun nan ba. Hannun mace ne, siriri, da jan lalle a farce, ya ɗaga wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba zuwa ga hasken da ke shigowa ta hujin kwanon rumfar tashar Boɗinga. Shigowata ke nan daga Shagari, na tarar da direbobi sun jeru a kan benci kamar 'yan makaranta. Ban tambayi abin da ya tara su ba. Na bi hannun da ido har zuwa fuskar mai shi, sannan na kashe mota na nemi wurin zama a gaba.

Shekarata ashirin da huɗu a lokacin, ina jan hayis ɗin kawuna tsakanin Shagari da Boɗinga da Sakkwato. Ƙarshen mulkin farar hula ne, sa'ad da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Baƙi suna zaton tunda shugaban ƙasa namu ne, taya ma a ƙofar gida ake ajiye mana, alhali rabin motocin tasharmu a kan duwatsu suke. Ni ne direba, ni ne kwandasta. Abin da ke ɗebe mini kewa shi ne ƙananan littattafan soyayya da ake shimfiɗawa a bakin tasha, waɗanda nake ɓoyewa a ƙarƙashin kujera. A cikinsu, kullum wata masifa ce ke haɗa saurayi da budurwa. Kowa ya tsere, shi ya tsaya, ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce ba ta taɓa ganin namiji irinsa ba. (Na karanta irin wannan shafi ya fi a ƙirga, kuma ban taɓa ganin kaina a cikin masu tserewa ba.)

Mai hannun sunanta Sista Saudatu, ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin garin. Dalilin taron kuwa wani mutum ne da na sani tun muna yara, Haliru, mutumin Dandin Mahe. Mun zauna aji ɗaya a firamare kafin farfaɗiya ta kama shi a cire shi. Ya girma ya zama manomin albasa, mai shiru, ba ya shiga sabgar kowa. Likita a Sakkwato ya ɗora shi a kan wata ƙwaya da zai riƙa sha kullum, amma sai ya je da kansa duk wata an duba shi kafin a ba shi ta watan gaba. Wata rana ciwon ya tashi masa a cikin mota wajen Dingyaɗi. Fasinjoji suka watse, direban ya jawo shi ta ƙafar wando ya ajiye a gefen titi ya wuce. Daga nan ƙungiyarmu ta direbobi ta ce kada wanda ya sake ɗaukarsa.

Ba mugunta ce zalla ba. Duk mun tashi da jin cewa wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, shi ma sai ya faɗi. Kakata takan ce ko ƙudan da ya sauka a bakinsa ne ya sauka a naka, ta ƙare. Sai dai in babu mota, babu magani, in babu magani kuwa faɗuwa ce ba sallama, ga mutumin da yake wuni a bakin rijiyar lambu. Sista ta je wurin Sarkin tasha har sau uku kafin ya yarda da sharaɗi: ta koyar da direbobi kwana uku, in an samu wanda ya ce zai ɗauki Haliru, a gwada. In aka sake samun rikici, an rufe maganar har abada.

Na halarci kwana ukun nan cur, kuma babu wanda ya kai ni hadda. Kada a cusa masa cokali ko tsinke a baki. Kada a danne shi. Kada a ɗura masa ruwa, kada a matsa masa albasa a hanci, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ta gefe don yawu ya zuba, a duba lokaci. Yawancin faɗuwa takan wuce da kanta. Wadda ta haura minti biyar ita ce mai haɗari, ita ake ba magani a kanta. Sama da komai, ciwon ba a ɗaukarsa, ba ta yawu ba, ba ta numfashi ba. Duk tambayar da ta yi, hannuna na sama kafin ta rufe baki.

A can ƙarshen benci akwai Baba Modi, tsohon direba da ya fara tuƙi tun kafin a haife ni. Bai yi boko ba, goro ya rina masa baki, kullum carbi na hannunsa. A rana ta biyu ya yi gyaran murya.

"Ɗiyata, mu da ba mu da agogo fa? Ƙaƙa za mu san minti biyar ta cika?"

Na yi dariya, har na ɗan karkata hannu don a ga nawa agogon. Ita ba ta yi ba.

"Baba, mi kaka ja da carbin ga?"

"Istigfari."

"To, ja mu gani, yadda ka saba."

Ya fara ja, tana duban agogonta. Da ya gama zagaye na uku ta ɗaga hannu.

"Ga minti biyar ɗinka nan, Baba. Zagaye uku."

"Zagaye uku," ya maimaita, ya mayar da carbin aljihu.

Da aka zo gwaji ta nemi wanda zai kwanta a matsayin marar lafiya. Kafin kowa ya motsa na miƙe a kan tabarma, na lumshe ido, ina jiran hannu mai lalle ya tallafo kaina. Hannun da ya zo kaushi gare shi kamar bayan kada, da warin goro da baƙin mai. Baba Modi ne ta kira ya gwada. Ina kwance a haka ta fito da sirinji marar allura ta yi bayanin inda ake ba da maganin. Mutumin da haƙoransa suka datse ba ya iya haɗiya, in ji ta, mu kuma ba masu allura ba ne, don haka ta dubura ake matsa shi. Na tashi daga tabarmar da sauri fiye da yadda na kwanta. Manyan mutane suka duƙar da kai suna kallon takalmansu.

"Ku suturta shi da zane," ta ce, "yadda kowa ka so a suturta uba nai."

A rana ta uku ta tambayi wanda zai ɗauki Haliru. Kowa ya kau da kai. Baba Modi ya ce shi da zai yi, amma motarsa ta fi wata biyu a kan dutse. Sai na miƙe. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, Allah ya rufa mini wannan asiri, amma na san na ambaci zuciya da amana da cewa namiji ba ya juya baya. Sarkin tasha ya dube ni ya dubi ƙasa. Sista ta miƙo mini wata 'yar jakar kaki mai igiya, da kwalba biyu da sirinji da auduga a ciki.

"Direba, aljihun gaban mota za ka sa ta, inda kowa ka iya kai hannu."

Na ce to. Ina fita na rataya ta a wuya. A ganina, abin da ba a gani ba ai ba a san kana da shi ba. Kwana huɗu ina yawo da ita a ƙirji, a tasha, a wurin mai shayi, har masallaci sai na kai ƙofa nake cire ta.

Ranar da muka yi tafiyar, rani ne, lokacin cirar albasa, hantsi bai yi zafi ba. Na ɗauki Haliru a bakin hanya, ya sa farar riga wankakkiya. Ya tsaya nesa da ƙofa har sai da na ce ya shigo gaba kusa da ni, kamar yadda Sista ta ce. Fasinjojin ba su san shi ba sai mutum biyu, su ma suka koma kujerar ƙarshe. Akwai wata dattijuwa da buhun albasa. Akwai kuma Baba Modi, da ya shigo a matsayin fasinja zai je Sakkwato neman taya.

"Aboki, ka girma," Haliru ya ce bayan mun ɗan taɓa tafiya. "Kai da ba ka iya riƙon alli, yau kai ad da sitiyari."

"Kai ma ka girma. Yaya maganin?"

"Ya ƙare tun kwana tara."

Ya faɗe shi a hankali, yana kallon titi. Na ce kada ya damu, yana tare da wanda ya san aiki. Har na daddaɓa jakar.

Mun kusa Boɗinga, inda hanya ke bi ta gefen wata fadama, na ji ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba. Na waiga. Jikinsa ya sandare, idanunsa sun juye, sannan ya fara karkarwa, kansa na bugun ƙofa. Wannan kaɗai zan faɗa don kare kaina: na taka birki na sauka gefen titi, ban kifar da mutane ba. Ina jan birkin hannu ya faɗo ta wajena, kumfar bakinsa ta sauka a damtsena, da ɗumi.

Duk abin da na haddace yana nan a kaina a lokacin, ban manta ko ɗaya ba. Amma muryar da na ji ta kakata ce. Ban san sa'ad da na buɗe ƙofa ba. Na tsallake kwata, na bi ta cikin fangalin albasar mutane da aka yi wa ban ruwa da safe, ina nutsewa ina fita, har na kai wani kududdufi. Na durƙusa na ɗebi laka ina dirzar hannuna kamar zan cire fatar. Jakar tana wuyana, tana lilo a kan ruwan.

Da na ɗaga kai, na hango motar a can. Fasinjoji sun watse sun tsaya nesa-nesa. Baba Modi shi kaɗai ya sauko da Haliru ƙasa, ya naɗe hularsa da rawaninsa ya sa masa a ƙarƙashin kai, ya juya shi ta gefe. Dattijuwar ta zo da albasa ta fasa a hannu, na ga ya girgiza mata kai, ta yar. Hannunsa ɗaya na kafaɗar Haliru, ɗayan na jan carbi. Ina tsaye cikin laka ina kallo kamar wanda aka dasa. Na san ya kamata in koma. Na ce wa ƙafata ta tafi, ta ƙi.

Sai na ji muryarsa ta ratso fadamar.

"Ɗana, kawo jakar ga."

Ban motsa ba. Ya sake kira. Ba ya iya barin kan Haliru, ga kwalta ga duwatsu. Dattijuwar ce ta tattare zanenta ta shigo cikin lakar, mace da ta haifi kamata, tana tafe tana haki. Ba ta tsaya magana ba, ta kama igiyar ta fizge ta ta saman kaina har hulata ta faɗa ruwa.

"In ba ka iya aikin, ɗan nan, mi ya sa ka ɗauke kayan aikin?"

Ta juya da gudu irin nata. Na bi bayanta a hankali. Da na isa, ta kwance mayafinta ta miƙo mini gefe ɗaya, ta riƙe ɗaya, muka yi labule tsakaninsu da titi, mu biyu fuskarmu na kallon gabas. Iyakar aikin da na yi ke nan a ranar. Ina jin Baba Modi yana fasa kan kwalba, yana bisimilla, yana cewa, "Sannu, Haliru, sannu, ba kowa, mu ɗai na." Bayan ɗan lokaci bugun ƙafar ya ragu, ya tsaya, sai wani dogon numfashi mai kama da minshari.

Muka sa shi a kujerar baya, kansa a cinyar Baba Modi. Fasinjojin da suka yarda suka shigo, sauran suka ce za su jira wata motar. (Ka ji rashin kunya: da na ga jakar a kan kujera, na ɗauka na sake ratayawa.)

A asibitin Boɗinga Haliru ya yi barci har bayan azahar. Mai farfaɗiya ba ya tuna abin da ya faru da shi, sai abin da aka faɗa masa. Da ya farka, ni ya fara gani a tsaye da jakar a ƙirji. Ya miƙo hannu ya kama nawa.

"Aboki, Allah shi saka maka. Ni na san ba ka bari na bakin hanya."

Baba Modi yana zaune a kan benci, bai ɗaga kai ba. Sista na tsaye da takarda. Wannan shi ne shafin da na daɗe ina jira: marar lafiya na godiya, ita kuma tana ji. Da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ba komai."

Na karɓi godiyar. Gudun da na yi ma bai kai wannan zafi a raina ba, har yau.

Haliru ya lumshe ido. Sista ta juyo.

"Direba, minti nawa ya yi?"

Na dubi agogona. Laka ta bushe a kan gilashin, ko hannun ba a gani.

"Zagaye huɗu da rabi, ɗiyata," in ji Baba Modi daga benci. "Uku na jira, yadda kinka ce. Ɗaya da rabi kuwa jakar munka jira."

Ba da niyyar tona ni ya faɗa ba. An tambayi lokaci, ya ba da lokaci. Ta rubuta. Sannan ta dube ni daga gwiwa zuwa ƙasa, inda wandona ya ƙame da laka har da ganyen albasa a manne. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Aje jakar bisa tebur," ta ce.

Washegari ita da kanta ta raka Haliru Sakkwato aka ba shi ƙwayar wata guda. Mu kuma Sarkin tasha ya tara mu a rumfa, domin labari ya riga mu isowa. Masu adawa suka ce magana ta ƙare: wanda ya fi kowa iya karatun shi ya fi kowa nisan gudu, to wa ya rage? Baba Modi ya naɗe hannun rigarsa ya ce yawun Haliru har gwiwar hannu ya taɓa shi, ga shi nan garau. Wani ya ce ai tsohon direba ba a gwaji da shi, Allah kaɗai ya san abin da ya sha da abin da ke ɗaure a ƙugunsa. Aka yi dariya, aka gyaɗa kai. Na ga maganar tana shirin mutuwa, da ita da tafiyar Haliru.

Sarkin tasha ya juyo gare ni.

"Kai mai jawabi, mi ya kore ka?"

Ina iya cewa ruwa na je ɗebowa. Na ma shirya faɗin haka tun a hanya.

"Ranka shi daɗe, yawu nai ya zuba min ga hannu. Tsoro na ji. Na je wankewa."

Mutumin da ke kusa da ni a benci ya matsa. Na kusa da shi ma ya matsa. Sarkin tasha ya daɗe yana shafa gemu.

"To, ga gwaji Allah ya kawo muna. Wanga yaro na, ba shi da laya, ba shi da komi sai surutu. A ba shi kwana arba'in. In bai hwaɗi ba, a ɗauki Haliru kamar kowa. In ya hwaɗi, kowa ya ga abin da ido nai."

Haka na tashi daga gwarzon littafi na koma abin gwaji.

Da farko abin ya yi kama da wasa. Kowace safiya sai an zo gaishe ni ana leƙen idona. Daga baya wasan ya ƙare. Mai shayi ya ware mini kofi ya ɗaura masa zare, yana ajiye shi a ƙasa. A masallaci sai in ga tazara tsakanin kafaɗata da ta maƙwabcina. Fasinja ya leƙo motata, wani ya raɗa masa magana, ya ja baya. Wanda muka saba cin tuwo kwano ɗaya da shi ya ce ya ƙoshi. Mafi muni, ni kaina na fara tsoron jikina. Fatar idona ta motsa, gabana ya faɗi. Na daina zuwa bakin rijiya, na daina zama kusa da murhu. Wata rana ina zaune a motar ba kowa, na tuna yadda Haliru ya tsaya nesa da ƙofa yana jira a ce ya shigo. Ni kwana arba'in aka yanka mini, na kuma san ranar ƙarewa. Shi tun muna aji huɗu yake ciki.

Ƙwayar Haliru ta wata guda ce, wa'adina kuma ya zarce wata da kwana goma. Babu wanda ya yi wannan tunani a rumfa. Ni ma sai da kwana ashirin da takwas suka wuce ya faɗo mini. Na je wurin Sarkin tasha, ya kau da kai ya ce motar da ba kowa a ciki, shi bai san abin da take ɗauka ba. Na je asibiti na tsaya a bakin ƙofa na roƙi jakar. Sista ta dube ni, sannan ta ɗauko, ta biyo ni har mota, ta buɗe aljihun gaba da hannunta ta sa ta rufe.

Mu biyu kawai muka kama hanya ni da Haliru. Da muka zo fadamar nan, na rage gudu na sauka gefe. Na nuna masa kududdufin. Na faɗa masa komai, tun daga kumfar har zuwa "ba komai". Ban iya kallonsa ba, sitiyari nake yi wa magana.

"Na sani," ya ce. "Ido na rufe ranar, ba kunne ba. Na ji abin da Baba ya ce."

"Ka sani, ka kuma shigo motata?"

"Wace mota ce ta biyu?" Ya ɗan yi murmushi. "Aboki, uwar da ta haife ni sai da ta shekara biyu kahin ta bar ja da baya in na hwaɗi. Kai wata guda ka yi. Tada mota, kar mu ishe likita ya tashi."

Na tada mota. Sai da muka wuce Boɗinga idona ya bushe na iya ganin titi sosai.

Kwana arba'in suka cika ban faɗi ba. Mai shayi ya kwance zaren daga kofin. Sarkin tasha ya janye dokar, Sista ta sake koyar da wasu direbobi kafin a yi wa mijinta canjin wurin aiki su tashi. (Ashe da mijinta da 'ya'ya uku. Har ta bar garin ba ta tambayi sunana ba.) Littattafan nan ban daina karanta su ba, amma in na zo inda kowa ya tsere, nakan tsaya in yi tunanin mutanen da suka tseren, domin na san ɗaya daga cikinsu.

In akwai darasin da na samu, shi ne kwana ukun nan kaina kaɗai ya zauna a aji, ƙafafuna suna waje. Tun daga lokacin, duk abin da aka koya mini ba na cewa na iya sai ranar da ya faru na ga inda ƙafata ta nufa. Kuma kayan ceton rai ba a rataya shi a wuyan mutum ɗaya, musamman in mutumin ya iya jawabi.

Haliru ya ci gaba da zuwa Sakkwato duk wata, a motata ko ta wani, har a shekarun da maganin ya yi wuya sai an zaga gari kafin a samu. Sau biyu ciwon ya sake kama shi muna tare. Na farko ya wuce da kansa. Na biyu sai da na ba shi maganin, har na zubar da auduga a ƙasa, amma ina nan. Ya yi aure a makare, ya haifi 'ya'ya huɗu, babu mai ciwon a cikinsu. Ba a gefen titi ya rasu ba, ba kuma a rijiya ba. Zazzaɓin damina ne ya ɗauke shi yana da furfura, a kan shimfiɗarsa, a Dandin Mahe. Da aka zo wanka, ƙannensa suka ce ni zan riƙe kansa.

Da aka fito da makara, tsofaffin direbobin tasharmu da suka zo jana'iza suka shiga turereniya, kowa na son ya sa kafaɗa ko da taku biyar ne. Ban samu wuri ba. Na bi su a baya da sandata, a hankali, domin yanzu gwiwa ta hana ni gudu ko da na so.